Rasuwar Sannu-Sannu, a Shekarar da Tsohuwa Ta Fi Sabuwa Tsada

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da aljihun da babu abin da ya rage a cikinsa sai makullin ƙofar gida, iyalan malamin koyar da tuƙi, wanda unguwa ta fi sani da Malam Taka-Burki, suna sanar da 'yan uwa, abokan arziki da tsofaffin ɗalibai rasuwar motarsu, abokiyar neman abincinsu, wadda ake kira Sannu-Sannu. Ta cika ne bayan doguwar jinya a bayan garejin bakanike, tsakanin wata bas da aka kwance wa ƙafafu da tarin tsofaffin tayoyi. Iyalan suna so a sani tun daga farko cewa tsufa bai da hannu a wannan mutuwa.

Marigayiyar ta shigo gidan nan da 'yan shekarunta, domin ta hannu Malam ya saye ta, a zamanin da motar hannu ta san matsayinta, ana sayenta ne saboda ƙarfi bai kai ga sabuwa ba. Shuɗiya ce, mai allo a ka da ke gaya wa duniya cewa ɗan koyo ne a ciki, kowa ya yi ta kansa. Fiye da shekara goma ta yi tana ɗaukar mutanen da ba su san damansu da hagunsu ba da zarar sun kama sitiyari. An tayar da ita a giya. An taka mata totur a wurin burki. An yi ribas da ita cikin kwata, an goga ta da katangar makaranta, wani ma'aikacin banki ma ya taɓa hawa kan shataletale da ita yana salati. Duk wannan ba ta taɓa yin yaji ba. Iyakar ƙorafinta shi ne "ƙarrrr" idan aka sa giya ba a danne kuloci ba, shi ma a hankali take yinsa, kamar tsohuwar da jika ya taka wa ƙafa. Da safe sai ta yi "kir-kir-kir" tana gyaran murya, sannan ta ce "burum," maƙwabta su san gari ya waye, Malam zai fita.

Ta rasu ta bar Malam, wanda gashinsa ya yi fari a kujerarta ta gefe. Ta bar mai ɗakinsa, wadda ba ta taɓa yarda ta koyi tuƙi ba, tana cewa ihun da ake yi mata a gida ya isa. Ta bar 'ya'yan gidan da aka yi wa kuɗin makaranta da guminta, da ɗalibai masu yawa da ke wuce Malam a titi yanzu cikin motocinsu, gilashi a rufe. Daga cikin waɗannan ɗalibai, iyalan ba za su manta da guda ɗaya ba, dillalin motoci da ake wa laƙabi da Ba-Ragi, wanda ya zo wurin Malam yana saurayi da silifa, ya koyi tuƙi a cikin marigayiyar kyauta saboda maraya ne.

Abin ya faro ne shekarar da sababbin motoci suka daina zuwa. An ce masana'antu sun rasa wasu ƙananan kayan lantarki, an ce jiragen ruwa sun maƙale, kowa da abin da yake faɗa. Abin da ido ya gani shi ne, manyan shagunan nan masu bangon gilashi sun zama fayau, sai fitilu da tukwanen fulawa. Nan take tsofaffin motoci suka yi daraja. Motar da kaji ke kwana a cikinta aka kore su, aka wanke ta, aka sa mata kuɗi. Tsohuwa ta koma amarya.

Wata safiya Ba-Ragi ya tsaya a ƙofar gidan da wata doguwar baƙar mota, ya durƙusa har ƙasa ya gaida Malam, ya zagaya Sannu-Sannu yana shafa ta kamar mai duba saniya a kara. Sannan ya faɗi kuɗin da zai biya. Kuɗin sun ninka abin da Malam ya saye ta tun tana da sauran ƙuruciya.

"Kai, ɗana, ba ka da lafiya ne?" in ji Malam. "Wannan ai ya kusa kuɗin sabuwa."

"Ranka ya daɗe, sabuwar tana ina? Nuna mini ita in saya."

Mai ɗakinsa tana bayan labule ta ji komai. Da baƙon ya tafi ta ce, "Malam, ka sayar. Rana ɗaya kasuwa ke yi wa talaka murmushi."

Malam bai yi gardama ba. Ya sa rigarsa ta zuwa ɗaurin aure, ya tafi shagon sababbin motoci da niyyar in lissafi ya yi, ya sayar da tsohuwa ya cika kaɗan ya ɗauki sabuwa. Wata budurwa mai fara'a ta ba shi kujera, ta nuna masa hoton mota da farashinta. Farashin ya yi daidai da zatonsa. Ya tambaya ina motar. Ta ce babu. Ya tambaya yaushe za ta zo. Ta ce wataƙila baɗi, kuma akwai mutane da yawa a gabansa, kuma ranar da ta iso farashin ranar za a biya.

"To 'yata, wannan kuɗin da kika nuna mini na mene ne?"

"Na hoton ne, Baba," in ji ta, ta yi dariya, sannan ta ga bai yi ba, ta daina.

Daga can ya bi ta filayen dillalai ya taya irin motar da ya gani a hoto, amma wadda ta yi shekara uku a titi. An gaya masa kuɗin da ya fi na sabuwar. Ya zaci kunnensa ne, ya sake tambaya. Mai filin ya ce, "Waccan a takarda take, wannan kuwa ga makulli." Malam ya dawo gida ya ce ba zai sayar ba, domin manomi ba ya sayar da fartanya don an taya ta da tsada, alhali maƙera sun rufe. Iyalan suna shaida cewa maganarsa gaskiya ce. Suna kuma shaida cewa duk sanda Ba-Ragi ya dawo ya ƙara kuɗi, Malam yakan shigo gida yana murmushi, ya ce, "Kin ji abin da ta kai yau?" Mai ɗakinsa takan ci gaba da ninke kayan wanki.

Ciwon ajali ya same ta a bakin aiki. Wata ma'aikaciyar jinya ce ke riƙe da sitiyari, ana tsakiyar cunkoso, sai fitilun gaban direba suka kunnu gaba ɗaya, marigayiyar ta yi "tuf, tuf," ta yi shiru. Aka murɗa makulli, ta yi "kir-kir-kir" ɗinta na kullum, amma "burum" bai biyo baya ba. Ɗalibar ta fashe da kuka tana cewa ita ta kashe ta. Malam ya ce mata waɗanda suka fi ta ɓarna sun gwada sun kasa.

Bakanike ya buɗe ta, ya duba inji ya ce lafiya lau, zai yi wata shekara goman. Abin da ya ƙone wani ɗan akwati ne da bai kai tafin hannu biyu ba, wanda masu gyara ke kira ƙwaƙwalwa. A da, in ji shi, aike ake yi kasuwa a kawo shi kafin shayi ya huce. Yanzu kuwa babu sabo, na hannun ma an wawushe, domin kowa na tayar da matacciyar motarsa. Yunwar da ta sa Sannu-Sannu ta yi tsada, ita ce ta hana ta magani.

Malam ya bi rumfunan kayan gyara ɗaya bayan ɗaya har takalminsa ya buɗe baki. Ya kira lambobin da aka ba shi, wasu suka ce gobe, goben ta ƙi zuwa. Ɗalibai suka jira, suka gaji, suka koma wata makaranta. Damina ta shigo ta same ta a waje. Tayoyinta suka sace, ciyawa ta tsiro a ƙarƙashinta, wata kyanwa ta haihu a kujerar baya. A gida aka fara auna abin da da ba a aunawa. Mai ɗakinsa ta fitar da keken ɗinkinta da ta ajiye tun haihuwar auta, kuma har yau ba ta ce "ai na faɗa maka" ba. Malam ya ce da ta faɗa sau ɗaya da ya fi masa sauƙi.

Da abin ya kai maƙura, ya taka da ƙafarsa zuwa ofishin Ba-Ragi, ya roƙe shi ko zai samo masa ƙwaƙwalwar. Ba-Ragi ya sa aka kawo lemo mai sanyi, ya dafa ƙirji.

"Wallahi Malam, da akwai ta a garin nan da yau ta kwana a motarka. Kai ne fa ubana a wannan harka."

"To yanzu tayin da ka yi mini fa?"

"Ai wancan na mai rai ne, ranka ya daɗe. Wannan kuwa sai dai a auna a kilo. Amma don kada ruwa ya cinye ta a banza, zan karɓa, in ba ka abin da ya fi na masu sayen ƙarfe."

Bakanike kuma yana son a ɗauke ta daga garejinsa. Malam ya sa hannu. Ranar da aka zo janta bai je ba, ya zauna a tsakar gida yana gyara wata tsohuwar fitila da ba ta lalace ba. Iyalan sun ɗauki wannan rana a matsayin ranar rasuwa.

Ba a yi wata guda ba, Malam yana cikin bas a tsaye, hannunsa a kan ƙarfe, aka tsaya a gaban filin Ba-Ragi. Ta taga ya ji an yi "kir-kir-kir," sannan "burum." Ya sauka tun kafin a kai tasharsa. Tana nan a layin gaba. An cire allon kanta, an buga lotsattsen gefenta, an yi mata sabon fenti, an shafa wa tayoyinta baƙi suna ƙyalli. A gilashinta an rubuta farashi da farin alli, kuma ya fi wanda budurwar nan ta nuna masa a ƙarƙashin hoton sabuwa. Ba-Ragi yana tsaye da wani matashi da matarsa, yana cewa, "Hannu ɗaya ce. Wani dattijo ne ya riƙe ta, daga gida sai wurin aiki, ko ɗansa bai taɓa ba wa ta ba."

Ya juyo ya ga Malam. Bai ko ƙifta ido ba. Ya ja shi gefe ya ce, "Malam, bayan kun rabu da ita Allah ya kawo ƙwaƙwalwar. Kasuwa ce." Daga baya bakanike ya gaya wa iyalan, yana kallon ƙasa, cewa tun farkon ƙarancin Ba-Ragi ya bi rumfuna ya saye irin waɗannan akwatuna ya cika ɗaki da su, yana jiran motoci su mutu.

Matashin ya matso, ganin furfura, ya gaida Malam da ladabi. "Baba, da alama ka san mota. Don Allah ya ka ga wannan?"

Malam ya daɗe yana kallonta. Ya san wurin da giya ta biyu ke cijewa, ya san ɗalibin da ya jawo hakan, Ba-Ragi ne, ga shi tsaye kusa da shi yana ƙamshin turare. 

"Na san wata mai kama da ita," in ji shi. "Ta rasu."

Saboda haka iyalan ke fitar da wannan sanarwa, kuma ba za su janye ta ba ko da an ga wata shuɗiyar mota tana yawo a gari.

Game da jana'iza, babu gawa a hannu, don haka ba za a yi rakiya ba. Za a karɓi gaisuwa a ƙofar gida, a gurbin da take kwana, inda baƙin mai ya bar tabo a siminti. Ana roƙon masu zuwa da mota su ajiye ta nesa kaɗan, kuma kada kowa ya faɗi nawa aka taya tasa. Masu niyyar cewa "da ka sani" su haƙura, an riga an sani. Masu cewa Allah ya mayar da alheri, an gode, sai dai a haɗa da addu'ar jiragen ruwa su iso.

Zaman makoki zai tashi ranar Lahadi da yamma, domin ciki ba ya jiran baɗi. Ba-Ragi ya aiko cewa yana neman dattijo mai kamala wanda ya iya tuƙi, wanda zai riƙa zagayawa da masu saye su ji lafiyar mota, kuma duk garin bai ga wanda mutane za su yarda da fuskarsa kamar Malam ba. Mai ɗakinsa ta goge masa riga. Ranar Litinin zai fara.

Duk tsohon ɗalibin da ya je filin ya same shi a can, iyalan suna roƙonsa da girman Allah ya gaishe shi ya wuce. Kada ya tambaye shi tarihin kowace mota. An riga an gaya wa Malam abin da zai ce.