Yadda Za Ka Zama Gwanin Gita Ba Ka Taɓa Tsirkiya Ba

Bi matakan nan, sunanka zai zaga Dakoro kafin shayin fadar samari ya huce. Garanti ne. Attaher ya bi su, yau har Azagor an san shi.

1. Samo kayan aiki
Gitar roba mai maɓallai, wadda ake jonawa da na'urar wasa a tele. Kar ka saya, nemo abokin da ke da ita. Attaher ɗakin Hamid ya tare, har ana aje mishi tuwo. Launi ya gangaro a tele, ka danna irinsa, kiɗa ya tashi. Mai bambanta kore da ja ya gama karatu, shi ya sa masana ke barin lakwal da wuri.

2. Aika murya, ban da hoto
Hoto maƙaryaci ne, yana nuna roba. Attaher ya naɗi kiɗan, har da tafin mutanen cikin tele, ya aika wa Raudatu, yarinyar da yake nema.
"Su wa ke ihu haka?" in ji ta.
"Masoya ne. Ba su barina in huta."

3. In an gayyace ka, tambayi ko akwai kuran, wato wutar lantarki
Attaher bai tambaya ba. Yayan Raudatu, Agali, ya ce makaɗin ya zo sunan ɗansa a Azagor, dangi su ga mai neman ƙanwarsa. Attaher ya ari moton Hamid, wato babur ɗinshi, ya tafi. Ba tele, ba wurin jona komai. Agali ya ɗora mishi gitar katako a cinya. Attaher ya laluba wuyanta, babu maɓalli ko ɗaya.

4. Yi ta gyaran tsirkiya
Murɗa, kasa kunne, girgiza kai. Babban makaɗi ba ya gaggawa. Attaher ya gyara har aka sha shayi mai ɗaci, aka sha mai zaƙi, ganyen ya salance.

5. Tsinke ta
Murɗa da ƙarfi, ka ce, "Kash, Allah bai nufa ba." A birni wannan dabara ba ta faɗuwa. Da Attaher ya tsinke ta, Agali dai murmushi ya yi.
"Ba komi, ƙanena, mu nan haka muke yi."
Ya je ga moton Hamid, ya zare wayar birki, ya warware sili ɗaya, ya ɗaura wa gitar.

6. Kaɗa
Ba sauran dabara, guduwa kuma ba birki. Attaher ya rufe ido ya yaƙushi wayoyin. Jaririn ya farka. Wata tsohuwa ta leƙo tana tambayar wa ya taka ɗan akuya. Raudatu ta gyara mayafi ta ce, "Yaya, maida mishi birkinshi. Yana da nisan tafiya."

Gargaɗi: mai wannan darasi yatsa kawai ya koyar. Rabuwa da budurwa, faɗawa rami a hanyar Dakoro, da bayanin da za ka yi wa Hamid, duk naka ne. In ka zo fada nemana, ban san ka ba.