Tsire Ashirin da Takwas: Yadda Uba Zai Fita Kunyar 'Yarsa a Aji

Idan ranar haihuwar 'yarka ta faɗo a makon da take hannunka, kuma bakinka ya riga hankalinka ka ce kai za ka yi rabon aji bana, kwantar da hankalinka, ka zo wurin gwani. Dokar dai ka san ta: mai ranar haihuwa ita ke kai wa 'yan ajinsu abin taɓawa, makaranta kuma ta hana alewa da kek. Saura tsiren 'ya'yan itace. Bi matakan nan, na ba ka tabbacin nasara ɗari bisa ɗari. Maƙwabcina Sjoerd, direban bas a nan birnin Zwolle, ya bi su a watan Maris, kuma har yau yana da rai.

Mataki na 1: Yi alkawarin da ya fi ƙarfinka

Tun da Sjoerd ya rabu da matarsa Renske, 'yarsu Fenna take mako ɗaya can, mako ɗaya nan. Ranar Litinin suna cin dankali ta ce, “Baba, Alhamis zan cika bakwai. Zan ce wa Mama ta aiko da na rabo.”

“Ni fa?”

“Kai ko ƙwai ka dafa sai ya ƙone.”

“Sau ɗaya ne aka yi haka.”

“Sau ɗaya ka dafa.”

A nan ne uba na ƙwarai yake ajiye cokali. Sjoerd ya ajiye, ya ce ta faɗi abin da take so. Ta ce bushiya: rabin kankana a kife, tsire ashirin da takwas a soke a bayanta kamar ƙayoyi.

“In ba ka iya ba ka faɗa tun yanzu, Baba,” in ji ta. “Ni zan hau kujera a gaban kowa, ba kai ba.”

Ka ce ka iya. Masana sun yi ittifaƙi cewa iyawa tana zuwa ne bayan alkawari, wani lokacin da shekaru.

Mataki na 2: Kada ka saurari wadda ta taɓa yi

Ranar Talata Renske ta bugo waya. “Sjoerd, abu ɗaya kawai zan gaya maka. Tsinkayen nan, kada ka fara da...”

“Renske, mutum tamanin nake ɗauka a mota ɗaya kowace safiya. Inabi ba zai gagare ni ba.”

Ya kashe. Yi koyi da shi. Shawara kamar ruwan sama take, tana da yawa a ƙasar nan kuma ba wanda ya roƙa.

Mataki na 3: Bi dokar makaranta, har ka wuce ta

Takardar tana manne a jikin firiji: a tsaga inabi ta tsawonsa don kada ya shaƙe yaro, ban da gyaɗa, tsinke kuma kada ya zo da tsini. Sjoerd mutum ne da yake tsayawa a jar fitila ko da titin ba kowa. Laraba da yamma ya zauna da almakashi ya datse tsinin tsinke ashirin da takwas. Ya datse na ajiya goma sha biyu. Ya goge bakunansu har suka yi sumul, ya jera su a tebur, ya ji daɗin kansa.

Takardar ba ta faɗi lokacin da za a datse ba. Wasu suna soka 'ya'yan itacen tukuna sannan su datse. Ƙyale su, ragwaye ne.

Mataki na 4: Yanka da safe, don komai ya zama sabo

Ƙarfe bakwai na safiyar Alhamis Sjoerd ya ɗaura gyale a ƙugu ya hau yanka: tuffa, ayaba, abarba, tanjirin, inabi. Ya ɗauki rabin inabi ya danna masa tsinke. Inabin ya kuɓuce ya shige ƙarƙashin firiji. Na biyu ya bi sahu. Tuffa ta tsage biyu. Tanjirin ya tsarta masa ruwa a ido. Ayaba ce kaɗai ta ba da haɗin kai, ita ma kafin ya waiga ta fara baƙi.

Takwas da minti biyar, tsire huɗu ya gama. Ya yi ƙoƙarin soka su a bayan kankana, ɓawon ya ce bai san zancen ba. Sai da ya huda da wuƙa.

Fenna ta sauko cikin rigarta mai furanni, ta tsaya tana kallo.

“Baba, bushiyar nan ba ta da lafiya ne?”

“Ƙarama ce. Ƙayoyin ba su gama fitowa ba.”

Ba ta yi dariya ba. Ta juya ta je ta sa takalmanta, ta zauna a matakala rungume da jaka. In ka kai wannan matsayi, kada ka karaya. Ci gaba.

Mataki na 5: Zuba a tukunya, hau keke, amsa a taƙaice

Ƙararrawa takwas da rabi ce. Sjoerd ya juye komai cikin babbar tukunyar miya, ya rufe, ya ɗora ta da kankanar a akwatin gaban keke, tsinkaye a aljihun kwat, Fenna a baya. Iska tana tura su gida, shi yana tura su makaranta.

A bakin ƙofa Annemiek tana tsaye, uwar Thijmen ɗan ajin su Fenna, wadda a watan jiya ta kawo ɗawisun abarba har da idanu.

“Baban Fenna! Miya ka dafa musu?”

“'Ya'yan itace.”

“A tukunya?”

“A tukunya.”

“Kai, sannu da ƙoƙari.”

Kada ka tsaya. Iyayen bakin ƙofa suna jin ƙanshin tsoro daga nesa.

Mataki na 6: Raɗa wa gazawarka suna mai kyau

Malama Marloes, mai ajin su Fenna, ta ɗaga murfi. Ta dubi ciki, ta dubi ayabar da ta manne a hannun rigarsa.

“Ina tsiren?”

Sjoerd ya zaro damin tsinkaye. “Yaran za su soka da kansu. Yana koya musu dogaro da kai.”

Haddace wannan jimla. A makarantunmu ba ƙofar da ba ta buɗewa. Malama ta yi shekara ashirin da biyu tana koyarwa, ta ga iyaye iri-iri, ko gira ba ta ɗaga ba.

“Madalla. Tunda kai ka ƙirƙiro, sai ka tsaya ka nuna musu. Goma da kwata muke ci. Ga kujera can.”

Kujerar ta 'yan shekara bakwai ce. Gwiwoyinsa suka kusa taɓa kunnuwansa. Awa biyu ba kwata ya yi a haka, Fenna kuwa ko sau ɗaya ba ta waiwayo ba.

Mataki na 7: Jira hukunci

Goma da kwata aka sa wa Fenna hular takarda mai lamba bakwai, ta hau kujera, aka yi mata waƙa. Aka wanke hannu, aka raba tsinkaye.

Minti biyu na farko inabi ya yi ta shawagi a aji. Ɗaya ya faɗa tankin kifi. Sai Thijmen ya ɗaga murya: “Ku murza a hankali! Murzawa ake yi, ba dannawa ba!” Aji ya ɗauka. Wata ta jera abarba zalla, wani ya yi gasa da na kusa da shi, aka yi layi a gaban Sjoerd yana huda kankana suna sokawa. Bushiyar da ta fito ta karkace gefe guda kamar iska ta kaɗa ta, amma ƙayoyinta ashirin da takwas cif.

“Fenna, wa ya shirya mana wannan?” in ji Malama.

Sjoerd ya ajiye wuƙar huda kankana.

“Babana ne. Bai iya ba, Malama. Tun jiya ya datse tsinin. Guda huɗu ya yi a awa ɗaya.”

Aji ya fashe da dariya. Sjoerd ya dubi takalmansa.

“To,” in ji Malama, “zaɓi mutum biyu su raka ki ki kai wa malaman sauran ajujuwa nasu.”

Hannaye ashirin da bakwai suka tashi sama. Fenna ta dube su daga kan kujera, a tsanake, kamar alƙali.

“Jasmijn.” Ta juya ta dubi Sjoerd. “Da Baba.”

“Ai shi ba ɗan ajinmu ba ne!” in ji Thijmen.

“Tukunyar tana da nauyi,” in ji Fenna. Ta sauko ta kama hannun rigarsa, wanda ayaba ta manne a kai, ta ja shi waje.

Aji bakwai suka zagaya. A kowanne Sjoerd ya ce dogaro da kai ne, a kowanne Fenna ta ce tsinin ya datse. Ba ta saki rigar ba har suka dawo.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba shi da alhakin inabin da zai ruɓe a ƙarƙashin firijinka, ko lafiyar kifin aji, ko dariyar da uwar 'yarka za ta yi minti huɗu a waya ba tare da ta ce komai ba. Wanda 'yarsa ta tona masa asiri a gaban makaranta guda, ya kuka da kansa. Wanda kuma ta riƙe masa riga a baranda, kada ya zo yi mini godiya, ba ni na sa ta ba.