Ranar da Gas Ya Aske Mini Gira

Ba zan taɓa mantawa da bikin ɗiyar Habi ba. Ko na so in manta, matan Magarya ba za su bar ni ba.

Ni ba mai yawan magana ba ce. Ban yi lakwal ba, wato makarantar boko. Abin da na sani shi ne girki da cije haƙori. Maciji ya taɓa sarina a gonar wake, na ɗaure ƙafa na tako gida da kaina. Autana a hanyar rijiya na haife shi, kuma ban bar tuluna a can ba. Daga Yekuwa har Bande, in biki ya amsa sunansa, ni ake turo wa amalanke. Tuwona bai san gudaji ba, miyata ba ta kwana a tukunya. (Wannan ba yabon kai ba ne. To, yabon kai ne, amma gaskiya ne.)

Habi taubashiyata ce, ɗiyar kawuna. Ta auri ma'aikacin gwamnati, ta zauna Magarya, ta je Makka ta dawo da haƙori mai ƙyalli. Kowa Hajiya yake ce mata. Ni har gobe Habi. Da za ta aurar da ɗiyarta sai ta aiko a ɗauko ni, don dangin ango daga Najeriya za su zo, kuma tana so su koma gida suna labarin miya. Sunanta da nawa duk suna cikin tukunyar nan.

Tuwo da shinkafa a waje aka ɗora su, bisa icce, yadda Allah ya halicci girki. Amma miyar dangin ango, Habi ta ce a ɗakin girkinta za a yi, kada hayaƙi ya taɓa ta. Na shiga na tarar da wani tulun ƙarfe a tsaye, da tiyo da ya fito daga kansa ya je ga risho.

"Zo nan, baiwata," in ji Habi. "Bari in nuna miki yadda ake tafiyar da shi, kada ki ƙone mini gida, ƴar ƙauye."

"Ni za ki nuna wa wuta? Ina tuƙa tuwo kina fitsarin kwance."

"Wannan ba irin wutarku ba ce."

"Wuta wuta ce. Kunna ki ba ni wuri."

Ta kunna, ta yi ƙwafa, ta fita wajen baƙinta.

Na tsaya na dubi wutar. Ƴar mitsitsiya, shuɗiya, ba hayaƙi, ba ƙara. A wurinmu wutar kirki ja ce, tana magana, tana sa ka hawaye. Na ce a raina wannan ba ta da lafiya. Na aza babbar tukunya, na zuba nama da kayan miya, na ɗauko mafici na yi mata abin da ake yi wa raggon murhu. Na fifita ta da ƙarfina duka. Da na tsaya sai na ji wani ɗan huci daga ƙarƙashin tukunya, sssss. Na ce yawwa, yanzu kika kama. Ban leƙa ba. Mai girki irina ba ta leƙen wuta, da kunne take ji. Na ja ƙofa na rufe saboda matan nan masu "bari in ɗanɗana gishiri" da ke fita da tsoka a kumatu, na tafi duba tuwo.

Ban jima ba na dawo. Ina buɗe ƙofa wani wari ya tare ni, kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Na fara zargin daddawa. Na shinshina ta, lafiyarta lau. Sai na zargi wata tsohuwa da ke zaune kusa da ƙofar tana gyangyaɗi, har na harare ta. (Allah ya yafe mini. Baiwar Allah ba ta yi komai ba.) Na taɓa gefen tukunya, na ji ɗumi-ɗumi kawai, kamar goshin mai mura. Ashe tun da mafici na kashe wutar, iskar gas ce ke ta zuba.

Daidai nan na ji guɗa a ƙofar gida. Dangin ango sun iso. Ga nama ɗanye. Abin yi ɗaya ne, in kira Habi. Amma na san Habi. In na ce mata wutarta ta gagare ni, har a kabari sai ta biyo ni da dariya.

Sai na durƙusa. Na kai fuskata gindin tukunya, na hura, kamar yadda uwata ta koya mini. Shiru. Na sake hurawa. Shiru. Na laluba na samo ashana, fuskata na nan inda take, na ƙyasta.

Fuuu!

Ban san ina da irin muryar nan ba. "Wayyo Inna!" na ce, Innar da ta daɗe a ƙasa. Na cire kallabi na jefar yana hayaƙi, na fito a guje tsakar gida kai ba ɗauri. Ruwa nake nema. Abin da idona ya fara gani shi ne wani babban baho, na tsunduma kaina ciki har wuya. Zoɓon baƙi ne, da ƙanƙararsa.

Na ɗago fuska jawur, zoɓo yana ɗiga. Mata suka ɗauka jini ne, wuri ya kaure da salati. A gabana kuwa, kan sabuwar tabarma, gwaggon ango ce zaune da mutanenta, ko mayafi ba su kai ga saukewa ba.

Habi ba ta bi ta kaina ba. Ɗakin girki ta nufa, ta murɗe kan tulun ta rufe, ta wangale ƙofa, ta daka tsawa ga wata mata da ta kai hannu za ta kunna fitila. Sannan ta zo ta kama fuskata da hannu biyu tana juyawa.

"Da kin ƙara daɗewa wajen tuwon nan," in ji ta, "da tagar sama ba a buɗe take ba, da yau ba biki muke ba."

Ta goge mini zoɓon da haɓar zaninta. Ta sake dubana. Sai ta zauna daɓas a ƙasa, ta riƙe ciki.

"Baiwata, ina girarki?"

Na shafa. Sumul, kamar bayan ƙwarya.

Da warin ya fice, ta ja ni ciki ta zaunar da ni, wannan karon na kasa kunne. Ta shafa kumfar sabulu a jikin tiyo da bakin tulu, ta ce in kumfar ta kumbura to akwai inda iska ke fita. Ba ta kumbura ba. Ta ce shuɗiyar wutar nan ita ce mai lafiya, in ta koma rawaya to risho na son wanki. Ba a fifita ta, ba a hura ta. In an ji wari, a rufe tulu, a buɗe ƙofa, a manta da ashana sai iska ta wanke ɗaki. Tana yi tana "kin gane, ƴar ƙauye?" ni kuma ina "na gane." Wannan ya fi ƙunar zafi.

Miya ta yi latti, sai bayan la'asar. Habi ta rantse ba zan kai wa baƙinta abinci da goshi fayau ba, ta kira mai yi wa amarya kwalliya ta zana mini gira. Matar nan kuwa gira iri ɗaya ta iya, ta amare, siririya, ta tashi sama kamar ƙahon barewa. Haka na ɗauki kwano na je na durƙusa gaban gwaggon ango.

Ta ɗanɗana. Ta ƙara loma. Sannan ta ɗago ta ƙare mini kallo.

"Wallahi miya ta yi, Allah ya yi albarka," in ji ta. "Amma Baba, me ya ba ki mamaki haka tun ɗazu?"

Har amarya sai da ta yi dariya cikin lulluɓi.

Yanzu in na shiga gidan da ban san murhunsa ba, sai in kira matar gida in ce ta nuna mini, ko da jikata ce. In za ta yi dariya ta yi. Dariyar da ake yi wa mai tambaya a ɗakin girki take ƙarewa. Wadda ake yi wa mai girman kai kuwa, tawa har Najeriya ta je.