Alewar da ta rufe bakin Hajiya Biba

Ba zan taɓa mantawa da ranar da munka kai garar ƙanwata Ramatu ba, kuma ko na so in manta, akwai unguwa guda a Filinge da ba ta barina.

Ni a Yamai nike aiki, a wani buro da ba sai na faɗi sunansa ba. A danginmu kuwa ni ce intanet. Pampo na yoyo? Bari in turo muku bidiyon wani mutum da ke gyarawa da robar taya. Man ja ya zuba ga shadda? Ga yadda ake fidda shi. Yaro ya kasa lissafi? Ga shafin da ake koyarwa da Faransanci, tun daga ajin fari, ba a biyan ko dala. Har yadda ake korar kyankyaso daga kicin na tura a gurup ɗin dangi, kuma ya yi aiki (wannan ku rubuta ku ajiye, don ba kowa ke tunawa da alherina ba yanzu). Kalmata ɗaya ce: kyauta ne. Duk wanda ya kira mai gyara ya biya kuɗi, kallon tausayi nike masa.

To abin da ya ja mini shi ne kwaɗayin yarinta. Lokacin muna lakwal a Filinge akwai wani tsoho, Baba Illa, da ke saida alewa a bakin ƙofar makarantar. Ba irin bombon ɗin butik na cikin leda ba. Shi da kansa yake dafa sukari da tsamiya, ya rataya ta ga wata ƙusa a jikin itacen bedi, ya riƙa ja yana ninkewa, yana ja yana ninkewa, har ta tashi daga ja ta koma fara fat tana ƙyalli. Sai ya sa bayan wuƙa ya ƙwanƙwasa, ta karye gutsi-gutsi. In ka sa a baki sai ta yi ƙaras, kafin ka ankara ta narke, ɗan tsamin nan ya biyo baya. Ni da Ramatu mun sha dambe a kan gutsure ɗaya. Baba Illa ya rasu da daɗewa, Allah ya jiƙansa, kuma ba wanda ya gaje shi. Na yi yawon kasuwannin Yamai ina neman irinta, duk abin da anka miƙo mini sai in ji kamar ina tsotsar turare.

Da anka sa ranar bikin Ramatu, shekarar nan da sojoji sunka karɓi mulki anka rufe iyaka, wuta ta zama baƙuwa a gari, sai na ci karo da bidiyon wata mata tana yin alewar ja. Irin ta Baba Illa ce, sak. Har hawaye na yi a cikin taksi. Nan take na kira Inna, mahaifiyarmu.

“Inna, a cikin kayan gara ku bar mini kwalla ɗaya. Alewar Baba Illa zan yi.”

“Wa ya koya miki?”

“Na gani a waya.”

Ta ce, “Ɗiyar nan, gara ba wurin gwaji ba ce. Gidan surukai za a kai. Ga alkaki, ga nakiya, ga dubulan, gwaggonninki sun ɗauki nauyi. Ke dai ki taho.”

“Inna, kyauta ne fa. Sukari kawai zan saya.”

“Ai ba kuɗin nike jiye miki ba.”

Ban saurara ba. Kafin yamma na sanar a gurup: kwallar Yamai na nan tahe, wadda za ta sa tsofaffi su tuna da ƙuruciyarsu. Har da hoton zuciya na sa. (Sakon yana nan har yau. Wata taubashiyata ta ɗauki hotonsa, tana sake turo shi duk sallah.)

Ranar asabar na ɗora tukunya. A nan ne ya kamata in faɗi abu biyu. Na farko, ni ba na kallon bidiyo yadda anka yi shi, ninka saurinsa nike don kar forfe, wato kuɗin intanet, ya ƙare, don haka matar tana magana kamar ana korarta. Na biyu, duk da haka forfen ya ƙare, ana tsakiyar dahuwa, daidai inda ta ɗauko kofin ruwa za ta nuna wani abu. Na ce ba komai, sauran ai na gani da idona tun ina yarinya. Ja da ninki ne. Na buga ƙusa a bangon gidan haya, na rataya, na ja har kafaɗuna sunka yi tsami. Ta yi fari, ba ƙarya. Na ɗanɗana da ɗuminta, taushi, zaƙi, ɗan tsami. Na ce Baba Illa, ga magajiyarka.

Abin da ban tsaya na yi tunani a kai ba, a bayan matar nan ta bidiyo akwai taga, kuma a wajen tagar ƙanƙara ce ke zuba. A can wata ƙasar sanyi take. Ni kuwa ina Yamai cikin tsananin zafi, firigo ya zama kabad saboda rashin wuta. Na yanka ta gunduwa-gunduwa da almakashi (a nan ma ya kamata in yi shakka, Baba Illa bai taɓa riƙe almakashi ba), na jera cikin kwalla sabuwa, na rufe, na naɗe da leda mai ƙyalli da kirtani ja, yadda na gani a wani bidiyon daban.

Washegari a tasha na ce wa direba kwallar nan a cinyata za ta zauna. Ya dube ni, ya dubi mutanen da anka riga anka cusa a kujerar, ya ce, “Madam, ko ke a sama ita a ciki, ko ita a sama ke a ciki.” Anka ɗaure ta a kan mota tsakanin buhun siminti da katifa. Kowane shinge sai an sauka an nuna katin shaida, motar na tsaye a rana. Bayan mun wuce Tabla taya ta fashe. Kusa da Bonkuku injin ya yi zafi, munka zauna gindin wata ƙaya muna kallonsa. Ni ina ta amsa saƙonni a gurup: tana tahe, ku shirya bakinku.

Da na isa gida Inna ta kai hannu ga kirtanin. “Bari in gani.”

“A’a Inna, in an kwance naɗin ba ya komawa yadda yake. Can za a buɗe.”

“Ko ɗanɗanawa?”

“Na ɗanɗana a Yamai.”

Ta janye hannunta. Saboda cika bakin da na yi, da ƙyallin ledar, ranar kai gara kwallata anka sa a gaba.

Ga wanda bai sani ba, a gidan mijin Ramatu akwai yadda suke yi. In an kawo gara ana jera kwanuka a tsakar gida gaban matan dangin ango, babbarsu ta buɗe na farko, ta ɗanɗana, ta sa albarka da bakinta, sannan a fara rabo gida-gida. In ba ta yi magana ba, ba a taɓa komai. Kuma daga yadda anka karɓi gara ake fara auna amarya da gidan da ta fito. Ramatu tana cikin ɗaki a lulluɓe, kwananta kaɗan a cikin mutanen da ba ta sani ba, kunnenta duk yana waje. Babbar tasu kuwa ita ce Hajiya Biba, yayar uban ango, tsohuwa doguwa mai carbi, wadda ko tari ta yi sai an gyara zama.

Munka gaisa, anka yi barka da tahowa, anka kawo ruwa. Sai ni, ba wanda ya tambaye ni, na miƙe na yi jawabi. Na ce wannan alewar zamanin da ce, wadda ta ɓace, na dawo da ita da hannuna. Har na ƙara da cewa duk mai son koyo ta same ni bayan taro, kyauta ne.

Hajiya Biba ta ce, “Madalla da ɗiyar birni.” Ta kwance kirtani, ta kama murfi.

Murfin bai taso ba. Ta sake ja. Wata mata ta matso ta danne kwallar da gwiwa, sunka ja tare. Ya taso da wata ƙara kamar an zare ƙafa daga taɓo, da zare-zare masu tsawo suna binsa. A ciki babu gunduwa ko ɗaya. Abu guda ne, shafe, launin ƙasa, har da zanen murfin a samansa.

Na ji Inna ta ce a hankali, “Innalillahi.”

Ita Hajiya, don kar ta kunyata baƙi, ba ta nuna komai ba. Ta sa cokali, cokalin ya lanƙwashe. Ta karɓi wuƙa, ta yi ta fama da gefe har ta ɓamɓaro wani dunƙule kamar ƙwan zabo. Ta yi bisimilla ta jefa a baki, ta ciza.

Mata duka sunka ɗaga hannu suna jiran addu’a.

Shiru. Ina kallon muƙamuƙinta yana ƙoƙarin motsi, jijiyar wuyanta ta tashi. Idonta ya zo kaina ya tsaya.

“Mmm,” in ji Hajiya.

Daga can baya, inda ba a ganin abin da ke faruwa, wasu sunka amsa, “Amin.”

“Mmm. Mmmm.”

“Amin ya Allah.”

Wallahi har shafawa wasu sunka yi. Sai da ta fara nuna bakinta da yatsa tana buga tabarma da ɗayan hannun sannan anka gane. Wata ta ce a kawo ruwan ɗumi, wata ta ce man shanu, wata ta ce kar a ja, haƙoranta na gaba ba su da ƙarfi. Ni kuma mi na yi? Na zaro waya. Eh, na zaro waya ina rubuta yadda ake raba haƙora da alewa, a tsakar gidan surukan ƙanwata, ina ɗaga ta sama ina neman rezo. Babu ko sanda ɗaya. Inna ta fizge ta ta tura cikin zaninta.

Anka yi ta ba Hajiya ruwan ɗumi tana kurɓa ta gefen baki, kamar mai jinya. Ban san tsawon lokacin ba, ni dai na tsufa a wurin. Da bakin ya buɗe, ta taɓa haƙoranta ɗaya bayan ɗaya da harshe, ta goge ido, ta dube ni.

“Ɗiyata, da wanga kuke gini a Yamai?”

Dariyar da anka daɗe ana dannewa ta ɓalle. Har masu aminin nan na baya. Na ce, “Hajiya ku yi haƙuri, bari in maida ta gida, a ci gaba da sauran.”

Inna ta mintsine ni a cinya, mintsinin da har yau in na tuna wurin ke zafi. Ta ce a kunnena, “Gara ake maidawa? So kike a ce an ƙi kayan ƙanwarki?”

Hajiya ta ji. Ta gyara mayafi ta ce, “Abin da ya shigo gidan ga da sunan amarya ba ya hita. Mun karɓa. Allah ya sa albarka, ya ba su zaman lahiya, ya riƙe auren ga yadda abin ga ya riƙe ni.” Anka ce amin, wannan karon na gaskiya. Sannan ta ƙara, “A raba ta. Kowane gida a kai musu rabonsu, yadda anka saba.”

Na ɗauka za a bar ta a wani lungu a manta. Ina. Taɓarya anka fara gwadawa, ta manne. Sai anka aiko da gatari daga gidan maƙwabta. Ina zaune ina kallo ana sara alewata a kan turmi kife, ana ɗora gutsure a gefen alkaki da nakiya, kwano bayan kwano yana fita ƙofa, kuma kowace mai kaiwa da saƙon da za ta faɗa: wannan ta yayar amarya ce, ta Yamai, a jiƙa kafin a ci.

Da na shiga ɗaki yi wa Ramatu sallama, ba ta ɗaga mayafi ba.

“Yaya, saran mi nike ji tun ɗazu?”

“Itace ne.”

“Itace ne ake cewa a kai wa gidan liman nasa?”

Na ce Allah ya ba da zaman lafiya, na fita.

Sati biyu ba ta ɗaga wayata ba. Da ta ɗaga, ta ce ba gidan da bai aiko a ga amaryar ba, wai suna son ganin ƙanwar mai siminti. Matan unguwa kullum suna ɗakinta, an saba tun ba a je ko’ina ba, Hajiya Biba ma in ta gaji da mutane wurinta take zuwa ta zauna ta sake ba da labarin, tana kwaikwayon mmm ɗin da kanta. Na ce to ai kin ga alheri ya zama.

“Yaya, sunana Ramatu. Ba wanda ya san shi a unguwar nan.”

Bana da ta haihu, na kira Inna na tambayi abin da zan kawo na suna. Na ce akwai wani cincin da na gani.

“Sukari za ki kawo,” in ji Inna. “A kwalinsa. A rufe, yadda mai butik ya miƙo miki.”

Haka na kai shi. Har yanzu ina tura wa dangi abubuwan kyauta, ban daina ba, kuma ba zan daina ba. Sai dai yanzu ina kallon bidiyo har ƙarshe, da saurin da Allah ya halicci mai maganar, kuma duk abin da zai shiga bakin surukan wani sai ya kwana ya wuni a rana, ya bi ta haƙorana tukuna.