Jatau da Lambar Sirrin Intanet

A ƙauyen Tudun Kanya akwai wani gida mai mutum uku: Inna Delu, da 'yarta Uwale, da autanta Jatau. Uwale ce shugabar ƙungiyar mata masu sarrafa riɗi, mace mai kaifin kai. Shi kuwa Jatau, gemu ya fito, ƙarfi kamar na sa, amma abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Ni dai ban taɓa ganin mai biyayya mai gajiyar da mutane irinsa ba.

A shekarar nan wani kamfanin ƙasar waje ya nemi riɗi. Aka ce ƙungiyoyi biyu za su nuna masa kayansu ta bidiyo daga wani babban gidan taro a birni, wadda ta burge shi ita zai ɗauka. Ɗaya ta su Uwale, ɗaya ta manyan dillalai maza, kowacce da zaurenta. In hoton matan ya tsinke, wahalar shekara guda ta tashi a banza.

Wata rana Uwale ta ce, "Jatau, je ka gidan taron ka tambaye su ko suna da intanet." Ya hau mota, ya isa, ya leƙa ofis ya ce, "Kuna da intanet?" Kafin mutumin ya buɗe baki ya juyo gida. Uwale ta ce, "To, me suka ce?" Ya ce, "Yaya, tambaya kika ce in yi, na kuma yi." Ta dafe kai, Inna Delu kuwa ta yi dariya har goro ya sarƙe ta.

Wata rana kuma Uwale ta ba shi waya ta ce, "Koma. Duk inda baƙo zai zauna ka gwada kirana, mu ji ko yana tafiya." Kujeru ɗari uku ne a zauren. Jatau ya zauna a ta farko ya kira. "Yaya, kina ji?" "Ina ji." Ya matsa ta biyu. "Yaya, kina ji?" Da aka kai ta sittin Uwale ta cusa wayar cikin buhun riɗi. Bai fasa ba sai da ya ɗumama kowace kujera.

Wata rana, ana jibi taro, Injiniya Sallau mai kula da intanet na gidan ya haɗa kwamfutar matan da na'urar intanet ta zaurensu. Ya rubuta lambar sirri a 'yar takarda ya miƙa wa Jatau. "Riƙe ta a hannunka. Kada ka ba kowa." Shi Injiniya 'yan zaman kashe wando na bakin ƙofa yake nufi. Jatau ya dunƙule hannu. Kwana biyu da ita yake cin tuwo, da ita yake barci, in zai yi alwala ya sauya mata hannu.

Ranar taro zaure ya cika maƙil. Baƙi suka zaro wayoyi, kowa na son ya nuna wa 'yan gida inda yake. Uwale ta ce, "Kawo lambar a karanta wa jama'a." Jatau ya ce, "An ce kada in ba kowa." "Ni ce fa, yayarka!" "Ke ma kowa ce, Yaya." Kansilan yankin da kansa ya taso ya miƙa hannu. Jatau ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, a'a." Aka nemi Injiniya aka rasa, yana can zauren dillalai ana ta masa ihu. Kunya ta kama Uwale har ta ji kamar ta nutse.

Sai allon majigi ya haska. Mutanen kamfanin suka bayyana tar, muryarsu garau. Uwale ta haɗiye fushinta, ta damƙo riɗi ta kara a gaban kwamfuta. Suka ga ƙwaya-ƙwaya, fari sol, ba tsakuwa ba ƙaiƙayi. Suka yi ta tambaya tana amsawa, hoto bai ko girgiza ba. A zauren dillalai kuwa, an manna tasu lambar a bango da manyan baƙaƙe, kowa ya hau, layi ya cushe. Hoton shugabansu ya daskare baki buɗe, haka ya tsaya har lokacinsu ya ƙare. Kafin la'asar kamfanin ya ce riɗin matan Tudun Kanya yake so.

Guɗa ta kaure. Injiniya Sallau ya shigo yana sharce gumi ya ce, "Hajiya, wa ya koya muku hana mutane lambar nan? Da kun raba ta, da kun bi sahun waɗancan." Uwale ta juya ta dubi ƙanenta, hawayen murna suka zubo mata. Injiniya ya dafa shi ya ce, "Malam Jatau, yanzu kam ka iya ba su."

Jatau ya buɗe hannu a hankali. Gumin kwana biyu ya wanke tawadar tas, ko ɗigo bai saura ba. Ya miƙa wa Kansila farar takardar da hannu biyu ya ce, "Ranka ya daɗe, kai ka fara miƙo hannu, kai za ka fara."