Yadda Na Kashe Kawu a Maitama

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na je gaida yayan Nusaiba ba. Har yau in ta faɗo mini a rai, ko a tsakiyar taron ofis nake, sai na ji kunnuwana sun ɗau zafi.

Lokacin ina ƙaramin ma'aikaci a wata hukumar gwamnatin tarayya. Shekarun nan ne da kuɗin mai ke yawo a Abuja, ko'ina ka waiga gini ake, kowa ka tambaya ɗan kwangila ne. Ni dai rabona a wannan arziki shi ne ciki da falo a Mararaba, da gosulon safe da na yamma. (In an tambaye ni unguwarmu nakan ce "can bayan Asokoro." Ba ƙarya na yi ba. Garin Lafiya ma ai bayan Asokoro yake, in mutum ya yi haƙuri da tafiya.)

Nusaiba a hukumarmu ta yi bautar ƙasa, nan muka daidaita. Mahaifinsu ya rasu, saboda haka maganar aurenta tana hannun babban wansu, Yaya Mukhtar, likitan ƙashi. Maza biyu sun riga ni zuwa, duka da motoci masu numfashi, duka ya sallame su.

Ana saura kwana huɗu ta ce mini, "Ka ga, Yaya ba ya kallon ƙwallo, siyasa kuma hamma take sa shi. Abu ɗaya ne ke buɗe masa baki, gem, wasan nan na kwamfuta."

Da ta faɗi sunan gem ɗin sai na ji kamar an yi mini bushara da kujerar Makka. Ai nawa ne! Irin wanda za ka ƙera jaruminka da kanka, ka ba shi suna, ka ɗauki takobi da garkuwa ka shiga duniyar matsafa da dodanni, kana tara abokan tafiya. Kashi na ɗaya na buga shi a jami'a har sai da ya ja mini faɗuwa a kwas biyu. Na san kowane kogo da kowace rijiya a cikinsa.

Matsalar ita ce kashi na biyu, wanda ya fito 'yan watanni kafin nan, kuma shi Yaya yake bugawa. Na samo shi, na sa a tsohuwar laftof ɗina. Ta nuna sunan gem ɗin, fankarta ta ɗauki ƙara kamar injin markaɗe, sannan ta mutu. Iyakar abin da na gani ke nan.

Mai hankali zai je ya ce, "Yaya, na ɗaya na sani, na biyu ban samu bugawa ba." Ni kuwa sai na shiga intanet, wani dandali da 'yan Arewa masu buga gem ke haɗuwa. Nan na tarar da wani dogon sharhi a kan kashi na biyu, na wani mai kiran kansa Tsohon Kwamanda. Mutumin ya iya yanka da baki. Kwana uku ina haddace shi a cikin tasi, tun daga Mararaba har Sakatariya, kamar mai shirin musabaƙa.

Ranar Asabar bayan la'asar na isa Maitama cikin sabuwar shadda mai tsayawa da kanta. Maigadi ya dube ni, ya leƙa bayana ko zai ga mota, bai gani ba, ya ce da Hausarsa ta 'yan koyo, "Madam ya ce ki shiga."

Falon ya fi gidana duka. Talabijin kuwa ya kai faɗin ƙofar gareji. Na tuɓe takalmi na zauna a kan kafet, na gaida Yaya. Dogo ne, mai gilashi, maganarsa kamar ana sayar masa da kalmomi.

"Ya aiki?"

"Alhamdulillahi, Yaya."

"Madalla."

Shi ke nan. Muka zauna muna sauraron na'urar sanyaya ɗaki. Ina jin gumi na bin bayana duk da sanyin. Nusaiba ta shigo da kunun aya da dambun nama, ta ga halin da nake ciki, ta jefo mini igiya.

"Yaya, shi ma fa yana buga gem ɗinka."

Ya ɗago kai. "Haba? Har na biyun?"

"Ƙwarai kuwa," in ji ni.

"To ya ka gan shi?"

Na gyara zama, na yi gyaran murya, na buɗe hadda. Na ce ai kashi na biyu kamar gidajen sababbin unguwannin Abuja ne, fenti ya yi kyau, fili ya yi faɗi, amma babu kowa a ciki. Sun ninka girman duniyar, sai ka yi tafiyar minti goma ba ka gamu da komai ba sai tumaki. Na ce duniya na shirin tashi, dodo na ƙone garuruwa, amma kai da aka ce kai ne mai ceto, wata tsohuwa za ta tare ka ta aike ka neman albasa guda bakwai. Na ce jarumin kashi na ɗaya bebe ne kuma an fi ƙaunarsa haka, yanzu sun ba shi murya yana magana kamar mai karanta sanarwar rasuwa. Matsafin da ya razana mu a farko kuwa sun mayar da shi mai yawan jawabi kamar shugaban ƙaramar hukuma a bikin buɗe rijiya.

Yaya ya ajiye kofinsa a hankali. Ya cire gilashi, ya goge, ya mayar.

"Ikon Allah," ya ce. "Ci gaba."

Na ɗauka burge shi nake. Na ci gaba, har da ɗaga yatsa. Daga bakin ƙofa na hango Nusaiba tana girgiza mini kai, na ɗauka mamakin ilimina take. (Na ma yi mata ɗan murmushi, Allah ya yafe mini.)

Da haddar ta ƙare ya ce, "Ka kai ƙarshensa ke nan?"

"Sau biyu."

Da na tsaya nan ma da sauƙi. Amma sai na ji ya kamata in ƙara wani abu nawa na kaina, kada a ce ban da basira. Na ce, "Faɗan ma sun sauƙaƙa shi da yawa, Yaya. Ko ido rufe mutum zai wuce."

Wannan ita ce jimla ɗaya tak da ta fito daga kaina a duk zaman, kuma ita ta kashe ni.

"Alhamdulillahi," in ji Yaya, ya miƙe ya kunna talabijin. "Allah ne ya kawo ka. Sati biyu ke nan wani dodo ya tare ni a kan gada. Ungo."

Ya miƙo mini hannun gem, abin nan mai maɓallai da ake sarrafa wasan da shi. Ni kuwa duk rayuwata da madannan kwamfuta nake bugawa, irin wannan hannun ban taɓa riƙe shi ba. Na karɓa da hannu biyu kamar an ba ni jaririn wani.

Ga jaruminsa a tsaye a bakin wata gadar dutse, cikin sulke mai sheƙi. A gefensa wani tsoho mai farin gemu da sanda.

"Wannan Kawu ne," in ji Yaya, kuma a karon farko na ji taushi a muryarsa. "Mai maganina. Tun kashi na ɗaya muke tare, na taho da shi cikin na biyu. Shekara huɗu ban bari ko ƙwarzane ya same shi ba. Ka kula, ka dai san a nan abokin tafiya in ya mutu ya mutu."

"Na sani mana," in ji ni.

Na taɓa wata ƙaramar sanda a jikin hannun, sai hoton ya juya sama, muna ta kallon gajimare.

"Ina nazarin yanayi ne," na ce.

Na danna wani maɓalli, wani allo ya buɗe cike da kaya. Na danna don in rufe, hular ƙarfe ta ɓace. Na sake dannawa, sulke ya tafi. Na ƙara, takalma da wando suka bi. Da allon ya rufe sai ga jarumin Yaya, wanda ya ceci masarautu bakwai, a tsaye daga shi sai ɗan kamfai.

"Dabara ce," na ce. "Sulke na rage gudu."

"Too," in ji Yaya.

Sai ga dodon ya sauko, baƙi, mai fukafukai, ya cika talabijin. Ya buɗe baki ya feso wuta. Hannun gem ya hau kakkarwa a tafina, ni ma na hau tawa. Na rufe ido (ashe dai na cika alƙawari) na danne duk abin da yatsuna suka samu. Da na buɗe, jarumin ya juya wa dodo baya, ya ɗaga takobi sama. A gabansa Kawu ne, ya ɗaga hannuwa yana yi masa addu'ar warkewa.

Sara ɗaya.

Tsohon ya durƙusa, ya dubi jarumin, ya ce wani abu mai kama da "Har da kai, ɗana?" ya kife. A kusurwar talabijin wani ɗan zobe ya juya sau biyu, alamar gem ya adana abin da ya faru. Babu komawa baya.

Mutumin nan da tun zuwana bai ko ɗaga murya ba ya zabura tsaye, ya ɗora hannu a ka.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Kawu! Kawu ya mutu!"

Abin da ban sani ba shi ne, Hajiya mahaifiyarsu tana da ƙane, Kawu Sale, kwance a asibiti a Zariya sati guda. Sai muka ji ƙarar faɗuwar kwano daga ciki. Hajiya ta faɗo falo da takalmi ƙafa ɗaya, mayafi na jan ƙasa.

"Wayyo Sale! Yaushe? Wa ya bugo? Da safen nan fa na ji muryarsa!"

Mai aiki ta fasa kuka a kicin. Maigadi ya leƙo ta taga yana salati. Nusaiba ta riƙe uwarta tana cewa, "Umma, ba Kawu Sale ba ne! Wallahi ba shi ba ne! Na cikin talabijin ne!"

Hajiya ta tsaya tana haki. Ta dubi talabijin, inda wani ƙato cikin kamfai ke zagaye gawar tsoho a guje, wuta na ci a bayansa. Ta dubi ɗanta likita, idonsa ya yi ja. Sannan ta sauko da kallonta kaina. Na riga na durƙusa don gaisuwa, hannun gem na ta kakkarwa a hannuna, na rasa inda zan ajiye shi.

"Wannan ne?" ta tambayi Nusaiba.

"Shi ne, Umma."

Ta kalle ni sama da ƙasa. "Sannu da aiki," ta ce, ta ja mayafinta ta koma ciki.

Kalmomin farko ke nan da surukata ta taɓa faɗa mini.

Yaya ya kashe talabijin, ya zauna. Na fara haɗa ban haƙuri, ya ɗaga mini hannu.

"Sharhinka ya yi kyau," ya ce. "Sai dai ka tsallake sakin layi na uku, inda na yi magana a kan kiɗan."

"Na'am?"

"Ni ne Tsohon Kwamanda. Maganar albasar nan kwana biyu na yi ina gyara ta."

Na dubi kafet ko zai tausaya ya buɗe in shige. Kafet ɗin Maitama ba ya buɗewa. Da na ga babu sauran abin karewa sai na faɗi gaskiya duka: laftof, injin markaɗe, haddar cikin tasi, har da Mararaba, wadda ba a ma tambaye ni ba.

Yaya ya ce, "Na ɗayan ma ƙarya ce?"

"Wallahi wannan na buga, Yaya."

"A ina ake samun mabuɗin kurkukun ƙarƙashin ruwa?"

"Cikin tukunyar makauniyar nan mai sayar da kifi. Amma sai ka saurari labarin ɗanta har ƙarshe, in ka katse ta ba za ta bayar ba."

Ya ɗan kalle ni ta saman gilashi. "Wata uku na yi ina nemansa."

Muka yi ta hirar kashi na ɗaya har aka kira magariba, kuma a nan ban ari kalmar kowa ba. Da zai raka ni ƙofa ya ce, "Da da wannan ka fara, da Kawu na raye."

Bai ce ya amince ba, bai ce a'a ba. Hukuncin da ya yanke shi ne zai sake gem ɗin daga farko, ni kuma in riƙa zuwa duk Asabar in zauna in kalla, hannuwana a kan gwiwa. Sai a Asabar ta tara ya bar ni na taɓa. Abin haushin, da na buga da kaina sai na ga gem ɗin ya yi mini daɗi. Aiken albasar nan da na tsaya ina zagi da bakin wani, shi na fi so, domin in ka kai wa tsohuwar takan zaunar da kai ta ba ka labarin garin kafin yaƙi. Na faɗa wa Yaya haka, muka yi musu sosai, kuma ina jin ranar ce ya yanke shawara a kaina. Bayan wata biyar aka ɗaura aure. Kawu Sale, wanda ya warke sarai, shi Yaya ya wakilta ya yi walicci, kuma da aka nuna masa ni sai ya ja da baya ya ce a riƙe masa ni tukuna.

Tun daga nan na ɗauki darasi: abin da ban gani da idona ba, ba na sharhi a kansa. Ko a ofis in oga ya ce me na gani a rahoton da aka raba, in ban karanta ba sai in ce, "Yallaɓai, ban karanta ba." Abokan aikina, waɗanda su ma ba su karanta ba, sukan yi minti ashirin suna bayani a kansa. Biyu daga cikinsu yanzu daraktoci ne.