Rasuwar Gwaggo Sai-a-hankali, Kwamfutar Mainasara

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idon da har yau bai bushe ba, Mainasara ɗan Malam Lirwanu, mai shagon buga katin biki da takardun makaranta a bakin titin Bodinga, yake sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da duk wanda ya taɓa ɗumama bencinsa yana jira, rasuwar kwamfutarsa, wadda aka fi sani da Gwaggo Sai-a-hankali. Ta cika ne da hantsin Laraba a kan teburinta, bayan doguwar jinya.

Marigayiya ta hannu ce, ta zo Bodinga da shekarunta, kuma tun ranar da aka jona mata wuta ta nuna ba a yi mata gaggawa. In Mainasara ya danna maɓallinta da safe, sai ta ce "ƙirrr", ta ɗan yi "ƙat-ƙat-ƙat" irin na gwiwar tsohuwa, sannan ta yi shiru tana nazari. A cikin shirun nan zai share shago, ya yayyafa ruwa a ƙofa, ya tsallaka wajen mai shayi, ya gaisa da tela har ya tambayi lafiyar awakinsa, ya dawo ya tarar da ita tana nan tana juya ɗan zoben nan nata a fuska. Wasu marasa haƙuri sun kira wannan nawa. Allah ya shirye su. Mace ce mai natsuwa, ba ta tsoma baki cikin magana sai ta gama shiri.

Wajen kwanciya ma haka take. A ce mata an tashi aiki, sai ta shiga ban kwana irin na matan da suka haɗu a gidan suna: ta yi sallama, ta dawo, ta tuna wani abu, ta sake sallama. Mainasara kan rufe ƙyaure ɗaya ya tsaya riƙe da kwaɗo yana jiran fankarta ta yi "wuuu" ta ƙarshe. Sahun gaba na Magariba dai ya daɗe da yafe shi.

Duk wanda ya san Gwaggo ya san rubutunta. Haruffanta manya ne, masu kauri, baƙaƙe wuluk, kowanne kamar an zana shi da gawayi. Malama Bahijja, da ke kawo tambayoyin jarrabawa a buga mata, ta sha rantsuwa cewa daga tsallaken titi take karanta abin da ke fuskar Gwaggo, kuma ɗalibanta ma haka. An yi ta yi wa Mainasara tsiya, wai ya mayar da kwamfuta allon talla. Murmushi kawai yake yi. Yau da mai rubutun ta kwanta dama, ya dace a faɗi dalili.

Mainasara ɗan fari ne. Mahaifinsa Malam Lirwanu, manomin albasa a Danchadi, mutumin da ne, mai kunyar ɗan fari ta gaske. Bai taɓa kiran sunan yaron ba, bai taɓa zama su yi hira ba. In ta kama dole sai ya ce "wancan", ko ya aika saƙo ta bakin wani. Haka aka taso aka gani, ba wanda ya ga laifinsa, har shi Mainasaran. Amma ga shi da gemu da 'ya'ya, abin yana nan yana cinsa a rai, yana son ko sau ɗaya ya ji yadda sunansa yake a bakin ubansa.

Wata safiya tsohon ya kawo albasa Bodinga, ya biyo ta shagon, wai ya zo ganin abin da ya raba yaro da gona. Mainasara ya durƙusa ya gaishe shi, ya danna maɓalli. Gwaggo ta ce "ƙirrr", ta yi shiru. Tsoho ya tsaya, ya gaji da tsayuwa, ya cire takalmi ya zauna a benci. Shirun ya yi yawa, ga shi ba dama ya juya ga ɗansa, sai ya dubi kwamfutar.

"Gwaggo," in ji shi, kuma daga nan sunan ya samo asali, "ki hwaɗa ma mai shagon ga albasa ta yi kyawo bana. Ki ce mashi kuma na ga ya rame."

Mainasara ya dubi kwamfutar shi ma. "Gwaggo, ki ce ma Baba zazzaɓi na, amma na samu sauƙi."

Haka suka yi ta aiken Gwaggo, ita kuwa tana ta juya zobenta. Can ta ce "tiri-riiing", ta buɗe, ta nuna sunan mai ita kamar yadda ta saba. Tsoho ya matso, ya ƙanƙance ido, ya kasa gane komai, don rubutun ƙanana ne kamar ƙwayar gero. Ya sa takalmi ya tafi.

To, a nan Mainasara ya shiga hanjin Gwaggo. Ya canza salon rubutu, ya gwada mai lanƙwasa irin na katin biki, ya ga ba zai karantu ba, ya gwada siriri, ya watsar, har ya dace da mai kaurin nan, ya yi ta ƙara masa girma sai da sunan ya cika fuska daga gefe zuwa gefe. Da tsohon ya sake zuwa, aka yi hira ta bakin Gwaggo, aka jira ta buɗe. Malam Lirwanu, wanda ya ɗan taɓa karatun yaƙi da jahilci, ya ɗora yatsa a gilashin.

"Mai... na... sa... ra." Ya gyara hula. "To, idona da saura."

Ai karatu ya yi, ba kiran suna ba, kowa shaida ne. Mainasara kuwa ya shige bayan firinta yana neman takardar da ba ta ɓata ba, yana share hawaye da hannun riga. Tun daga ranar, duk zuwan albasa sai an gwada ido.

Ciwon ajali ya fara mata da mantuwa. Ta daina sanin kwanan wata, kullum sai ta tashi a wata shekara da ta wuce tuntuni. Daga baya fuskarta ta riƙa yin shuɗi tana suma a tsakiyar aiki. Mainasara ya naɗe ta a bargo, ya rungume ta a bayan babur har Shagari, wajen Jabiru mai gyara. Jabiru ya buɗe cikinta, ya kara kunne, ya hura, ya girgiza kai, ya ce a mayar da ita gida a yi ta lallaɓawa. Ranar Laraba ta ce "ƙirrr" sau ɗaya, ta ce "ƙit", shi ke nan.

Ta rasu ta bar firinta mai cin takarda, da linzami mai ɗingishi, da allon madannai wanda rabin haruffansa sun goge, da janareta da suka daɗe ba sa ga maciji. Ta kuma bar wata baƙuwar laftof da ƙanwar Mainasara, Lubna, ta aiko daga Sakkwato don aiki kada ya tsaya.

Baƙuwar nan ba ta da laifi, sai dai rawar kai. Kafin ka ɗauke yatsa ta buɗe. Mainasara ya girmama mata haruffa iya girma, amma sunan wulgawa kawai yake yi ya ɓace. Malam Lirwanu ya zo, ko takalmi bai kai ga cirewa ba aka ce ai ta buɗe. Ya dubi benci, ya dubi titi, ya ajiye ƙullin albasa ya juya. Hankalin Mainasara ya tashi, ya koma Shagari yana roƙon a sa wa laftof nawa. Jabiru ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya ce tun da ya buɗe shago ba a taɓa kawo masa lafiyayye a ce ya sa masa ciwo ba.

An so a yi jana'iza jiya. Ɗan gwangwan mai sayen tsofaffin ƙarafa ya zo da buhunsa, har an naɗe wayoyi, sai ga tsohon a ƙofa.

"Wa yac ce ta mutu?" in ji shi. "Dama can ba ta da saurin tashi. Ku aje ta, a ba ta lokaci."

Aka mayar da ita kan teburi. Mainasara ya danna maɓalli, ba "ƙirrr", ba komai. Tsoho ya cire takalmi ya zauna, ya ba Gwaggo labarin fadama da tsadar taki da ciwon bayansa, aka mayar masa da amsa ta bakinta. Da rana ta ɗaga, ya miƙe, ya ɗora yatsa a baƙin gilashin da ba ko ɗigo a jikinsa, ya bi shi a hankali daga gefe zuwa gefe.

"Mai... na... sa... ra. To, idona da saura."

Saboda haka ana sanar da jama'a cewa an ɗage jana'iza, ba a kuma sa wata rana ba. Marigayiya za ta ci gaba da zama a teburinta, ana share mata fuska kowace safiya. Za a karɓi gaisuwa a shagon bayan Azahar. Ɗan gwangwan ya yi haƙuri ya nemi wata gawar. Wanda kuma ya biyo da hantsi ya ga takalmin tsoho a ƙofa, don Allah ya rage murya ya wuce, Mainasara yana sauraro.